Tsamiyar Bakin Gulbi

Kafin in ce komai, ya kamata in nemi gafarar editan wannan mujalla, domin alkawarin da na yi masa shi ne zan kawo masa sunayen kifaye da na kayan su kamar yadda masuntan Zamfara ke faɗinsu. Da wannan niyya kuwa na tafi gida hutun da ya wuce, da littafina da alƙalamina, har da goron gaisuwar tsofaffi. Sunayen na samo su, suna nan cikin jaka, in Allah ya kai mu fitowa ta gaba mai karatu zai gan su. Amma akwai wani abu da na taras a bakin gulbi wanda ban je nema ba, ya kuwa biyo ni har makaranta, ya hana ni sakat. Na ga in ban sauke shi a takarda ba, sauran karatun ma ba zai shiga ba.

Ni mutumin Gwashi ne, cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara. Duk wanda ya san ƙasar da ke tsakanin Anka da Gummi ya san ƙasa ce ta gulabe da fadamu, domin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka duk ta wannan nahiya suka ratsa. Da rani yashi ne fari fat, yara na langa a tsakiyar gulbi, mata na tonon yashi su ɗebi ruwa. Da damina kuwa, in marka ta kankama, wurin da ka taka jiya da ƙafa, yau sai da jirgi ko gora. A cikin wannan ruwa kakana na wajen uba ya tsufa. Masunci ne ɗan masunci, yanzu ya ba shekara 80 baya, ido ya fara gajiya, amma baki yana nan da kaifinsa, musamman in ya ga jika.

Akwai wata tsohuwar tsamiya a kan gaɓa, wadda ruwa ya zaizaye ƙasar gindinta ta gefe guda, har saiwoyinta suka fito fili suka gangara kamar matakala. Tun ina yaro na san jikinta cike yake da tsage-tsage, amma na ɗauka aikin masu neman sassaƙen magani ne. Ran nan da hantsi, bayan na gajiyar da tsohon da tambayar bambancin homa da koma, sai ya miƙe ya dogara sandarsa ya ce in biyo shi. Da muka isa gindin tsamiyar ya dafa ta, ya ce, "To ɗan boko, karanta mani wagga takarda."

Na ce, "Tsoho, wace takarda kuma? Ni itace nake gani."

Ya ce, "Ashe kuɗɗin makarantar nan ɓarna anka yi. Matso in koya maka baƙi."

Ashe kowace shekara, ranar da gulbi ya kai iyakar cikarsa, kafin ya fara ja da baya, tsohon nan yakan zo da gatari ya yi tsaga guda daidai inda ruwa ya tsaya. Mahaifinsa ya fara, shi kuma ya gada. Kowace tsaga tana da suna, ya kuwa riƙe sunayen a ka kamar yadda mahaddaci ke riƙe izu. Ya sunkuya da ƙyar ya nuna mani wata can ƙasa a jikin saiwa, ya ce ta shekarar da aka canza kuɗi ce, fam ya koma naira, watau 1973, lokacin babban fari. A shekarar ruwa bai ko taɓa gindin itacen ba. Kusa da ita akwai 'yar'uwarta ta daminar da ta biyo bayan hamɓarar da Shagari, watau 1984. Sannan ya ɗaga sanda ya taɓa wata sabuwa da ta fi kaina nisa, ya ce wannan ba shi ya yi ta ba, ƙanena ya sa ya tsaya cikin jirgi ya sara. Ita ce ta 2024, shekarar da ambaliya ta rusa gidaje a Gummi.

Ni kuwa da rawar kai irin ta mai sabon ilmi sai na ce, "To ai itace yana girma, Tsoho, tsagar da aka yi tun tuni ta riga ta yi sama, lissafinka ya rushe." Ya dube ni sheƙeƙe, ya ce in je in tambayi malamaina ko sun taɓa ganin ƙusar da aka kafa wa itace ta hau ta bar mai rataya. Daga baya na tambayi masu karatun tsirrai a nan jami'a, suka ce gaskiyarsa: itace daga kan rassa yake ƙara tsawo, gangar jikinsa faɗi kawai take ƙarawa. Na ci goron kunyata ni kaɗai.

Amfanin abin kuwa ba ƙarami ba ne. Da waɗannan tsage-tsage mutanen gidanmu suka san inda za a zuba shinkafa a fadama da inda za a bar wa dawa, da kuma inda mai hankali ba ya kafa rumbu. In ruwa ya kai wata tsaga tun damina ba ta tsufa ba, sai a kori dabbobi zuwa tudu tun kafin dare ya yi. Tsohon ya ce da ni tsaga guda ba ta magana, sai sun taru suke hira. Wannan ya tuna mani da abin da na karanta game da Masar. A tsibirin Rauda da ke Alƙahira akwai wata rijiya da aka gina a shekarar 861 bisa umurnin Halifa Mutawakkil, da ginshiƙin dutse a tsakiyarta mai zane kamu-kamu. A da ruwan Nilu ke shiga cikinta, kowace shekara a rubuta inda ya tsaya. In ya kai kamu 16 an san za a ƙoshi, in ya gaza a shirya wa yunwa, har haraji da shi ake yanka wa talakawa. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan rubutu. Da na ba kakana labari bai yi wani mamaki ba, cewa ya yi ashe Misirawa ma suna da hankali.

Muna cikin haka sai hannunsa ya tsaya a kan wata tsaga mai ɗan tsawo, ya yi shiru har na zaci numfashi yake mayarwa. Can ya ce, "Wagga ta shekarar Ladi ce. Na zo na duba, na sara, ruwa lahiya lau. Gulbi bai gaya mani komi ba."

Ladi taubashiyata ce, 'yar Gwaggo da ke aure a 'Yargalma. A 2010 ina da shekara 7, ita kuwa biyu da 'yan watanni. Abin da nake iya tunawa kaɗan ne, amma yana nan daram. Na tuna mun je gidan da sallar layya kafin abin ya faru, na taras tsakar gida ba ta yi kama da tamu ba. Buhunan duwatsu jibge a zaure, mata na dakan dutse a turmin da aka saba dakan gero, can bayan gari injin niƙa yana ta kuka ba dare ba rana, ƙura ta yi wa kowa hoda. A lokacin zinariya ta yi tsada a duniya, kowa ya ga hanyar fita daga talauci ta buɗe a ƙarƙashin gonarsa. Na goyi Ladi na zaga da ita cikin wannan ƙura, tana tsotsar yatsunta. Da rani ya yi tsakiya sai aka aiko cewa tana amai, tana sanƙarewa, idanu na kafewa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanƙarau. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi allurar zazzaɓi. Kwana uku ta yi.

Ba ita kaɗai ba ce. A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar nan ta Na-gari Na-kowa, waɗanda suka shigo yankin bin sawun annobar sanƙarau, suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ga kuma yara ba sa jin maganin da aka saba. Da aka auna jini sai aka gane gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don zinariya cike yake da dalma, in an niƙa shi ta zama ƙura, yaro ya shaƙa ko ya kai hannu baki. Masu bincike na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu, suka taras cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu cikin shekara ɗaya, watau ɗaya cikin kowane huɗu. A jimlace an ƙiyasta yara wajen 400 suka mutu. Sunayen Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza da Bagega da 'Yargalma suka shiga gidajen rediyon duniya, ƙauyukan da a da ko Gusau ba kowa ya san su ba.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne maganar agwagi. Kafin yara su fara faɗuwa, agwagin ƙauyukan ne suka fara ƙarewa, su da ke yini suna tsotsar laka a kududdufan da ake wankin dutse. Gwaggo ta ce nata guda 9 ne, cikin wata ɗaya ba ta da ko ɗaya. Kowa ya gani, kowa ya ce ciwon kaji ne. Ba wanda ya lissafa, ba wanda ya gaya wa maƙwabcin gari, balle a haɗa biyu da biyu.

A matsayina na ɗalibin harshe na zauna na jera kalmomin da muke da su na ruwa. Muna cewa ruwa ya yi ja, ya gurɓace, ya kwanta, ya yi gansakuka, ya yi zartsi, ya yi garai-garai. Duk kalmomin ido ne da harshe da hanci. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza, to amma ita dalma ko tsamin ba ta sa shi ya yi. Sun kuma ce ido ba mudu ba, ya san kima. Wace kima ido zai sani a nan? Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha, shi kuwa maikirogiram sai an raba giram ɗaya gida miliyan kafin a sami guda. Kakana zai iya gaya maka gulbi zai kawo gobe daga launin kumfarsa, amma wannan ta fi ƙarfin gatarinsa.

An yi aiki, kada in ci hakkin waɗanda suka yi. An kankare ƙasar tsakar gidaje aka binne ta nesa, aka zubo sabuwa. An ba dubban yara maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Bagega, wadda ta fi kowace girma, sai a 2013 aka share ta, bayan matasa sun yi ta kururuwa a kafofin sadarwa. A watannin Satumba da Oktoba na 2010 wata tawaga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zo ta ɗebi ruwa a wasu ƙauyukan, ta taras wasu rijiyoyi sun wuce ƙa'ida, tafkuna da yawa sun gurɓace ƙwarai, amma ruwan burtsatse da suka auna lafiya yake. Wannan labari ne mai amfani, sai dai labarin wata biyu ne na shekara guda. Tun daga ranar damina bayan damina ta sauka a kan wannan ƙasa ta wanke ta zuwa rafuka. A 2015 irin wannan masifa ta sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja. A 2022 likitocin Na-gari Na-kowa suka miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta kuma janye hanin a Disamba na 2024. Duk tsawon wannan lokaci ni dai ban daina ganin samari da ƙura a gira ba.

A nan kuma dole in faɗi abin da ba ya mani daɗin faɗa. Kuɗin rajistata ta shekarar farko daga rami suka fito. Yayana ne ya yi wata huɗu yana shiga ƙasa da fitila a goshi, ya dawo ya ƙirga mani su a kan tabarma. Da na buɗe baki wannan karon ina yi masa wa'azin dalma da zaiba, ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Ƙanena, gona ta gagara saboda mutanen daji, shanu an kore. In na bar rami mi za mu ci? Kai kuma wa zai biya maka?" Ban sami amsa ba. Abin da ya yarda da shi shi ne ba ya kawo dutse gida, yakan yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki 'yarsa. Wannan kuwa ba karatuna ya koya masa ba, ɗan Gwaggo na fari ya koya masa, yayan Ladi, wanda ya sha magani ya rayu. Yanzu saurayi ne ƙaƙƙarfa mai fara'a, amma firamare ta gagare shi, in ka aike shi sayen abu biyu sai ya dawo da ɗaya yana murmushi.

Mai karatu zai ce to ina ruwan gulbi da abin da ya faru a tsakar gida? Ai wankin garin dutse a bakin ruwa ake yinsa, da zaiba kuma ake kama zinariyar. Dalma da zaiba ba sa ruɓewa kamar mushe. Sukan kwanta cikin laka, in ambaliya ta zo ta tayar da su ta ƙara gaba da su, ko ta shimfiɗa su a fadama. Ruwanmu kuwa ba namu ba ne mu kaɗai. Zamfara da Ka duk cikin Gulbin Sakkwato suke zuba, shi kuma ya faɗa Kwara, ya wuce Yawuri, ya huta a tafkin Kainji, ya bi ta Jebba, ya gamu da Binuwai a Lakwaja, ya je ya rarrabu cikin surƙuƙin bakin teku, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri ya zama zartsi. Su ma na can suna da nasu kukan: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya sami wani sinadarin man fetur mai jawo sankara a rijiyar sha, ya ninka ƙa'ida wajen sau 900, ya kuma ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30.

Amma labarin da ya fi kama da namu na Japan ne. A garin Minamata, wanda ke bakin wani lungun teku, wata masana'anta ta yi ta zuba ruwa mai zaiba tun daga 1932 har 1968. Su ma dabbobinsu ne suka fara: kyanwoyi suka riƙa tangaɗi suna faɗawa teku, tsuntsaye na faɗowa daga sama. Sai a 1956 likitoci suka tabbatar da cutar a jikin mutane, masunta ne kuwa da iyalansu, masu cin kifi safe da yamma. Abin da ya burge ni shi ne abin da ya biyo baya. An gitta raga a bakin lungun don kada kifin ciki ya fita, an kwashe lakar ƙasan ruwa, aka kuma dinga kama kifi ana aunawa shekara bayan shekara, ba fashi. Sai a 1997 aka ce kifin ya ciwu, aka cire ragar. Shekara 41 ke nan daga ranar da aka gane cutar. Da awo ɗaya suka yi suka tafi, wa zai iya bugun ƙirji ya ce wa masunci koma ruwa? Wannan aiki irin na kakana ne sak, bambancin kawai su da kwalba da na'ura suke tasu tsagar.

Mu ma ba a ce ba mu iya ba. Tun zamanin Turawa ake auna tsawon Kwara a Lakwaja, a Legas kuma akwai cibiyar binciken teku tun 1975. Sai dai ni a iyakar wayona ban taɓa ganin wani ya sauko gaɓarmu da kwalba ba. Na kuma san dalili ɗaya: hanyar ba ta biyuwa yadda ake so. Mu kanmu ranar da muka je gindin tsamiya sai da muka jira masu zuwa fadama muka bi ayari, kafin azahar kuma kowa ya kamo hanyar gari.

To ana gobe zan dawo sai wani tunani ya zo mani. Na sami kwalbar lemo na ɗauraye, na cika ta da ruwan gindin tsamiya, na manna mata takarda na rubuta rana da wata. Na kawo ta har nan, na miƙa wa ɗan ɗakinmu mai karatun kimiyyar sinadarai, ina jin kaina kamar wanda ya kamo giwan ruwa. Ya juya ta, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce da farko kwalbar awo sai an wanke ta da ruwan asid, a kuma ɗiga mata wani bayan an ɗebi ruwan, in ba haka ba ƙarfen da ake nema ya manne a jikinta. Na biyu, ya ce laka ta fi ruwa riƙe sirri, me ya hana ni ɗebo ta? Sannan ya ce ko da na yi komai daidai, sai an ɗiba a wuri guda da farkon damina, da tsakiyar marka, da kaka, da rani, a maimaita baɗi da baɗin baɗaɗa, kafin lambobin su zama magana. Na ce masa wannan karatun na riga na ji shi a bakin wanda bai taɓa shiga aji ba.

Duk da dariyarsa, ya yi mani alkawarin kwalabe huɗu wankakku, zai kuma yi wa malaminsa magana ko za a karɓi abin a matsayin aikin kammala digirinsa. Ni kuma na sayi littafi mai bango mai kauri. A shafukan farko na kwafe tsage-tsagen tsamiya, kowace da sunan shekararta da nisanta daga gindi, kamu da taƙi, yadda tsohon ya faɗa. Guda 58 muka iya ganewa, sauran ɓawo ya haɗiye su. Na bar fili a gefe don abin da kwalba za ta ce, da wani filin kuma don agwagi.

Juma'ar da ta wuce ƙanena ya hau tudun da ake samun sabis ya kira ni, ya miƙa wa tsohon waya. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Ɗan boko, mi kwalba tac ce?"

Na ce, "Ba ta ce komai ba tukuna, Tsoho, wai ban iya ɗiba ba."

Na ji dariyarsa har da tari. Ya ce, "Ruwan ma ba ka iya ɗiba ba? To in malka ta kama ka taho, gatarin ya hwara yi mani nauyi. Kuma ka sake mai goro, wancan da ka kawo rabi duk ƙwaro ne."